Ciwon Hanta: Allurar Ranar Haihuwa Ce Muke Sakaci Da Ita

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai albarka in yi magana kan ciwon hanta, don abin ya yi yawa a nan Bauchi. Mutum yana harkarsa lafiya lau sai ka ji ciki ya kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa, a ce shawara ce, wasu su ce sammu, a yi ta jiƙe-jiƙe, kafin a kai shi asibitin koyarwa na ATBU hanta ta riga ta lalace.

Duk 28 ga Yuli ana bikin ranar ciwon hanta ta duniya, a sa riga da hula a yi tattaki a watse, amma da wuya ka ji an faɗi dalilin zaɓen ranar. Ranar haihuwar Dakta Baruch Blumberg ce, ɗan Amurka, wanda ya gano ƙwayar cutar hanta nau'in B. Mutumin nan ba ma ciwon hanta ya fita nema ba fa, yawon duniya yake yana ɗibar jinin ƙabilu yana kwatantawa, har Najeriya ya zo a 1957 ya ɗebi na Fulani makiyaya. A jinin wani ɗan asalin Ostireliya ya ci karo da wani abu da bai gane ba, zuwa 1967 aka tabbatar alamar ƙwayar cutar ce. Daga nan aka samu gwajin da ake wa jini kafin a ƙara wa mara lafiya, aka samu rigakafi, shi kuma ya samu kyautar Nobel a 1976.

Amma ni wanda aikinsa ya fi taɓa ni shi ne Dakta Palmer Beasley, shi ma Ba'amurke, da ya zauna a Taiwan. Ma'aikatan gwamnati maza 22,707 ya bi shekara da shekaru, a 1981 ya fito da sakamako cewa mai ɗauke da ƙwayar ya ninka wanda ba ya da ita haɗarin kansar hanta fiye da sau 100. Kuma shi ya nuna cewa da yawa tun wajen haihuwa suke ɗauka daga uwa. To a nan maganar take, domin babba in ya kamu galibi jikinsa na korar ta da kansa, jariri kuwa kusan 9 cikin 10 ta zauna musu ke nan, shiru ba ciwon kai ba zazzaɓi, sai ya kai shekara talatin ko arba'in yana da mata da 'ya'ya ta taso masa. Taiwan suka ɗauki maganar da gaske suka fara yi wa jarirai allura a 1984, cikin shekara 15 yara masu ɗauke da ita suka sauko daga wajen kashi 10 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 1.

Mu fa? Allurar tana cikin jadawalin rigakafin yara a Najeriya tun 2004, kyauta ce, amma sharaɗinta a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Mu kuma a gida ake haihuwa, unguwar zoma ta yanke cibi, maijego ta shiga wankan jego, jariri ba ya fita sai bayan suna, wasu ma sai an yi arba'in. Ranar suna ga wanzami da askarsa, aski da cire belu, in ba a yi dace da mai tsafta ba da ita ya yi wa yaron maƙota ɗazu. Wanda aka haifa a asibiti ma in ya faɗo daren Juma'a sai a ce a dawo ranar rigakafi. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, ka lissafa a gidan biki mai mutum ɗari ka gani.

Wani abin takaicin kuma, in gwajin kafin aure ya nuna yarinya tana da ita sai a fasa, a ware mata kofi da kwano, alhali ba a ɗauka ta cin abinci tare, kuma angon in ba ya da ita allura uku zai yi ya samu kariya. Akwai magani irin tenofovir da ke danne ta, nau'in C ma yanzu ana warkewa cikin sati 12. Su kuwa masu lasifika a bakin kasuwa da ke cewa gora ɗaya ta wanke hanta tas, Allah Ya shirye su.

Roƙona ga hukumar lafiya matakin farko ta jiha, a riƙa gwada kowace mai ciki a wajen awo, a ajiye allurar a ɗakin haihuwa dare da rana har Asabar da Lahadi, a ba ungozomomi lambar ma'aikacin da za su kira da zarar an sauka a gida. Limamanmu kuma don Allah ku sa maganar a huɗuba, magidanta su ji cewa kai jariri asibiti ranar da aka haife shi bai hana suna ba.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naka,
Mai karatu daga Unguwar Jahun, Bauchi