A tuna da Keshi idan za a ɗauki ƴan wasan Super Eagles

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan marigayi Stephen Keshi, saboda duk sanda aka fitar da sunayen ƴan wasan Super Eagles na duba na ga da ƙyar ake saka ɗan lig ɗin gida, shi ne yake faɗo min a rai.

Yaran yanzu a koci suka san shi, amma mu mun ga Big Boss, kamar yadda ake masa laƙabi, yana tare baya. Daga New Nigeria Bank ta Benin ya tafi Kwaddibuwa, daga can sai Beljiyam, ya buga wa Lokeren da Anderlecht, sannan Strasbourg a Faransa, a zamanin da fita Turai ba wasa ba ce ga ɗan Najeriya. Shi ne kyaftin da muka ɗauko kofin Afirka a Tunisiya a 1994, muka ci Zambiya 2 da 1.

To amma abin da ya fi tsaya min shi ne 2013. Keshi ya kwashi ƴan gida har shida ya tafi da su gasar kofin Afirka a Afirka ta Kudu, ciki har da Gabriel Reuben na Kano Pillars, mutane suna ta surutu wai ya je yawon buɗe ido, wai me yaran da suka saba da filin ƙura za su yi a gaban su Drogba da Yaya Toure na Kwaddibuwa. Wallahi ni ban taɓa ganin ƙarfin hali irin wannan ba. Ya ɗauko Godfrey Oboabona daga Sunshine Stars ya haɗa shi da Kenneth Omeruo, yaro ɗanye, su biyu a tsakiyar baya, kyaftin guda Joseph Yobo yana benci. Sai wanda ya buga gurbin da ƙafarsa zai kalli yaro ya gane ko yana iya karanta ƙwallo kafin ta iso, ko kuwa gudu kawai yake yi. Kuma Sunday Mba, ɗan gida, shi ya zura ta biyun da ta kori Kwaddibuwa, shi ya sake ci a wasan ƙarshe da Burkina Faso, 1 da nema. Mutum biyu kacal suka ci kofin nan suna wasa suka kuma ci suna koci, Keshi da Mahmoud El-Gohary na Masar.

Amma me aka saka masa da shi? Togo ya kai su kofin duniya na 2006 karon farko a tarihinsu, gab da tafiya suka sallame shi suka kawo Bature. A gida ma albashinsa sai ya yi wata da watanni bai fito ba, ya kai mu zagaye na biyu na kofin duniya a Brazil a 2014, a 2015 aka kore shi, a Yunin 2016 ya rasu yana da shekara 54. Abin yana min ciwo har yau.

An saka wa filin wasa na Asaba sunansa, madalla. Ni dai roƙona ga hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, duk kocin da za ta ɗauka, baƙi ne ko fari, a rubuta masa a kwantiragi cewa dole ya riƙa zuwa kallon wasannin lig da kansa, ya zo Kano ya je Aba ya je Jos ya zauna a cikin ƴan kallo, kuma in ɗan ƙasa ne a riƙa biyansa haƙƙinsa a kan lokaci kamar yadda ake biyan na waje.

Naka,
Mai karatu daga Kano