Wane zunubi ƙanena ya ɓoye, Fasto?

Malam Edita, salama.

Baƙon da kuka kawo a shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai, har yau ban huce ba. A ce fasto guda, an tambaye shi me ya sa Allah mai alheri yake barin wahala, ya buɗe baki ya ce duk wanda masifa ta faɗa wa ya binciki kansa, ko akwai zunubin da ya ɓoye ko ushirin da ya danne! Mai gabatarwa kuma sai "haka ne, Baba" yake ta yi.

Ƙanena lebura ne, daga Kafanchan ya zo Legas yana ɗaukar kankare a kwanon sarki. Ran Asabar in an biya su, sai ya ware ushirinsa a ambulan kafin ya sayi ko garin kwaki. Benen da suke ginawa ya rufta da su. Mamanmu tana zaune gefena a kan tabarma lokacin da baƙonku yake wannan magana. Ta juyo ta ce mini, "Ashe laifinsa ne?" Ku faɗa mini abin da zan ce mata.

Ko fasto ya tsallake Luka sura 13 ne? Hasumiyar Siluwam ta faɗo ta kashe mutum 18, Yesu da bakinsa ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Da aka tambaye shi kan wanda aka haifa makaho, ya ce ba zunubinsa ba ne, ba na iyayensa ba. Abokan Ayuba ma gara kwana bakwan da suka yi shiru a gefensa, don da suka fara irin wa'azin baƙonku, Allah ya ce da Elifaz, ɗaya daga cikinsu, fushinsa ya yi ƙuna a kansu. Shi kansa Ayuba ba a ba shi dalili ba, ina fasto ya samo nasa? Mutum sama da 40 da bene mai hawa 21 ya danne a Ikoyi a 2021, duk ushiri suka hana?

Ba Allah ne yake rage siminti da rodi ba. Mutum ne, da 'yancin da Allah ya ba shi, yake zaɓen kuɗi ya bar rai. Me ya hana fasto ya ambaci waɗannan? Ko don su suke zama a kujerun gaba a majami'a? Ni Yesun da na sani ya yi kuka a kabarin Li'azaru, bai tsaya lissafin laifin mamaci ba.

Sannan layin wayar nan da kuke cewa a kira, ba a ɗauka. In an ɗauka kuma a bar mutum yana jin tallar maganin basir har katinsa ya ƙare. Ku gyara, kuma ku dawo da faston nan ya amsa wa mamanmu.

Mai sauraronku,
daga Agege, Legas.