A daina jona cajar waya a babur ba fiyus

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu domin in ja hankalin masu babura a Katsina, musamman 'yan acaɓa, da 'yan uwana masu aikin wayarin. Ƙarancin wutar lantarki ya sa kusan kowa na son maƙala cajar waya a kan mashin ɗinsa, kuma ba laifi ba ne. Laifin yana wajen jonawa. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, yawancin cajojin da ake gani a sitiyari an fere waya ne kawai an murɗa, an naɗe da salatif, aka sallami mai mashin.

Batirin babur bolt 12 ne, wayar hannu kuwa bolt 5 take sha, shi ya sa cajar ke da ɗan inji a ciki mai rage wutar. Caja mai ba da amfiya 2 tana jan kusan amfiya 1 daga batir. Wannan ba nauyi ba ne idan inji na aiki. Amma batiran ƙananan babura irin su Boxer da Jincheng ƙanana ne, wutar da suke ajiyewa ba ta cika wuce amfiya-awa 5 zuwa 7 ba. Cajar da aka jona kai tsaye a batir, musamman mai ɗan haske ko mai nuna lambobi, tana shan wuta ko mashin na kashe. In tana jan miliamfiya 20 kacal (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya), a kwana goma ta kusa tsotse batir mai amfiya-awa 5 ƙarƙaf. Mai mashin ya ajiye shi ya yi tafiya, ya dawo ya tarar sata, wato abin tayar da inji, ba ta tashi, ya ɗora wa mai sayar da batir laifi.

Maganin shi ne a ɗauko wutar daga wayar da ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli, kamar wadda ke zuwa oda ko fitilar birki. Kada a dogara da launi, domin kowane kamfani da nasa tsarin: wayar bayan makulli baƙa ce a wani mashin, ruwan ƙasa a wani, ruwan lemo a wani. A sa mita ko ƙwan gwaji. Makulli a kashe, babu wuta. An buɗe, mita ta nuna bolt 12. To ita ce.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne wayar babbar fitila. A babura da yawa fitilar gaba ba daga batir take shan wuta ba, daga kwayil, wato abin da ke samar da wuta idan inji na juyawa, take sha kai tsaye, shi ya sa haskenta ke ƙaruwa idan an ba da wuta, ya dushe idan an saki. Wannan wutar mai kai-komo ce, ba irin ta batir ba, caja ba ta jure mata. Ko ta ƙi aiki, ko ta ƙone, wani lokaci ta tafi da wayar mutum.

Sai fiyus, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Fiyus mai amfiya 2 ko 3 ya ishi caja, a sa shi dab da inda aka ɗauko wutar, kada ya wuce taƙi guda. Wayar caja takan bi ƙarƙashin tanki ta fito wuyan mashin, inda take gogar ƙarfe duk lokacin da aka juya sitiyari. Ranar da robar ta cinye, waya ta taɓa jikin mashin, batir zai tura wuta mai yawan gaske, wayar ta yi ja ta narke. Kuma tankin man fetur yana saman wurin. Abin takaici, har yanzu akwai masu cire fiyus da ya ƙone su maye gurbinsa da zaren waya ko takardar kwalin sigari. Don Allah a bari. Fiyus da ya ƙone yana faɗa maka akwai inda waya ta fere, a nemo wurin.

Kafin a fara aiki a cire kan batir na negatif. A yi amfani da waya mai kauri milimita 1, a haɗa da dalma ko soket, ba murɗawa ba, domin salatif na saki a zafin Afrilu. A ɗaure da ɗaurin roba nesa da kan inji da salansa, a juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe a ga wayar ba ta ɗame ba. At ɗin, wato wayar negatif ta caja, a ɗaure shi a kusar da ke jikin firam, a kankare fenti da tsatsa tukuna.

Mai son ƙara fitilun LED ko babbar oda, wannan sai da rile, wato maɓallin da wuta ke kunnawa da kanta, mai ƙafa huɗu, kowace ƙafa da lambarta: 30 zuwa batir ta fiyus mai amfiya 10, 87 zuwa kayan, 86 zuwa wayar bayan makulli ta maɓalli, 85 zuwa at. In ba haka ba, makullin ne zai ɗauki nauyin har ya narke. A kuma auna batir inji na aiki: bolt 13.5 zuwa 14.5 lafiya lau. Ya haura 15, na'urar daidaita caji ta lalace, kuma tana iya kashe abin da aka jona. Ya tsaya ƙasa da 13 bayan an kunna komai, kwayil bai iya ɗaukar kayan ba, a rage.

Ga masu saye, a zaɓi caja mai murfin roba, a kife bakinta ƙasa saboda ƙurar hunturu da ruwan damina. Kuma kada a bar waya na caji a sitiyari cikin ranar bazara. Batirin waya ba ya son caji idan zafinsa ya wuce digiri 45, a sa ta a aljihu ko jaka.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa da na masu gyara a Katsina da Daura su sa wannan a cikin abin da suke dubawa a tashoshinsu. Mai mashin kuma, kafin ka biya kuɗin aiki, ka ce a nuna maka fiyus ɗin da idonka, ka kashe makulli ka ga hasken cajar ya mutu.

Wassalam.

Daga wani mai aikin wayarin babura,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.