Wasiƙa zuwa ga aminina a Fatakwal, kan kajin da kake shirin zubawa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Nan Giwa kowa lafiya, sai sanyin hunturu da ya fara shigowa. Ƙaninka ya zo ya same ni da maganar cewa za ka turo kuɗi a zuba maka kaji ɗari biyar a filin nan na bayan gari. Na yi murna ƙwarai. Amma don Allah kada a sayi ko ɗan tsako ɗaya sai an gama ginin ɗaki, kuma na je na duba shi da idona. Bari ka ji dalili.

Bara da damina kazata ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma sha ɗaya. Kullum idona yana sama, ina tsoron shirwa da shaho. Har na rina su da galura kamar yadda iyayenmu mata ke yi, na kife musu kwando da rana a gindin darbejiya. Ɗaya kacal shirwa ta samu. Ashe ɓarawon yana ƙasa. Wata asuba na buɗe akurki na tarar da shida a kwance, kowanne da cizo a wuya, ba a ma ci namansu ba. Uwar ta maƙure a lungu, gashinta a tashe, ko kuka ta kasa. Da na tsugunna sai na ga rami a gindin bango, bai fi dunƙulen hannuna ba, ruwan sama ya zaizaye wurin. Tunku ne. Wallahi ranar ko koko ban iya sha ba, don 'yan tsakin na ƙaramar 'yata ne, ita ke ba su tsaki kullum.

Tun daga nan na koyi karanta sawun ɓarna. In ka ga gashi a watse a fili da rana, daga sama ne. In an ja kaza an tsallake katanga da ita da dare, muzuru ne ko kare. In ƙwai yana ɓacewa ba ko ɓawo, nemi maciji. Wani lokaci ma za ka ga ɗan tsako a mace, kansa jiƙe sharkaf da yawu, ya gwada haɗiyewa ne ya kasa.

Na san za ka ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Haka ne, amma kai ma ba ka kwana da ƙofa a buɗe.

A babbar gona irin taka, shaho ba shi ne damuwa ba, tunda kajin suna ƙarƙashin kwano. Ɓera da gafiya su ne bala'i. Abinci ke kawo su, su kuma su jawo maciji. Saboda haka a yi daɓen siminti, a ɗora buhunan abinci a kan katako nesa da bango, a share abin da ya zube kafin magariba, a nome ciyawar da ke kewaye tas. Ragar kuwa kada a sayi mai manyan ido don araha. A sa mai rabin inci, a binne gindinta kamar kamu ɗaya cikin ƙasa, saboda masu tono. Ƙaramin ido yana tare tsuntsayen daji ma, masu iya kawo cuta. Ka tuna 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jaji, nan kusa da mu, irin kajin da aka binne? Maganin ɓera kuma kada a watsa shi a fili, kaza za ta tsince shi ko ta ci mushen ɓeran. Tarko ya fi, sai kare ɗaya da mai gadi mai tocila.

Ka fara turo kuɗin raga da siminti, na tsakin ya jira zuwa bayan sallah. Ranar Alhamis zan leƙa kasuwa in tambayo farashi, in kira ka. Ka gaida maiɗakinka da yara, Inna ma tana gaishe ka, ta ce ka daɗe ba ka zo ba.

Naka har kullum,
Amininka na Giwa