Zuwa ga 'yata mai dashen tumatir a Manchesta

Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan sai godiya, zafi ya kore mu daga ɗaki, a tsakar gida muke kwana. Taku bazarar kuwa na san ta, Afrilu ya kama amma ba a fita sai da rigar sanyi.

Innarki ta nuna mini hoton da kika turo ta WhatsApp. Na sa tabarau na ƙura masa ido. Ganye ya yi rawaya, gindin tsiron ya yi laushi ya kwanta, ga wasu 'yan ƙudaje baƙaƙe a bakin robar. Kika ce ƙishi ne ya kashe su. Ina! Ruwa ne ya yi musu yawa, ƙudajen nan ma danshi suke bi.

Ba laifinki ba ne kacokan. Zamanin da na yi kwas a can, kusan duk buhun ƙasar shuka fit ne a ciki, wato gansakukar dausayi da ta ruɓe ta danƙare ta yi baƙi. Milimita 1 take ƙaruwa a shekara, shebur guda in ya nutse ya kwashe tarin sama da shekara 200. Irin wannan dausayi kashi 3 cikin 100 ne kacal na doron ƙasa, amma kabon da ya danne, wato sinadarin da ke ɗumama duniya in ya fita iska, ya fi na dazuzzukan duniya duka. Shi ya sa a 2022 gwamnati ta ce za ta hana sayar da ita ga masu lambun gida a Ingila, ko da yake dokar ta yi ta jan ƙafa. Da kika sayi wadda ba fit, kin kyauta.

Sai dai ki san halinta. Zaren ɓawon kwakwa ne daga Indiya da Siri Lanka, da ɓawon itace da garin katako. Samanta kan bushe ƙayau, ƙasanta kuwa jiƙe sharkaf. Ido zai yaudare ki. Kafin ki ɗauki buta, tura yatsa har gaɓa ta biyu. In kin ji sanyin danshi, ajiye butar. Ko ki ɗaga robar ki ji nauyinta, cikin mako guda hannunki zai gane da kansa. Haka kakanki yake yi a fadama, bai taɓa ba wa albasa ruwa ba sai ya tona da ɗan yatsa.

Waɗanda suka tsira, ki bari su fitar da ganyen gaske mai tsaga-tsaga, ba 'yan biyun farko ba, sannan ki dasa. Ki riƙe ganye, kada ki kama kara. Ganye in ya tsinke wani zai fito, kara in ya murje shi ke nan. Robar da za ki mayar da su ta ɗara ta yanzu da kaɗan kawai. Na san ki da gaggawa tun kina ƙarama, kada ki jefa ɗan tsiro cikin bokiti, saiwa kaɗan ba ta iya shanye ruwan ƙasa mai yawa. Tumatir ki binne shi har wuyan ganyen farko, karan zai yi sabuwar saiwa. Kuma ban da dannawa da ƙarfi, ƙasar nan tana son iska.

Takinta ba ya daɗewa. Bayan mako 3 ko 4 ki fara ba su takin ruwa, tsarma-tsarma.

Ko rana ta yi kyau, kada ki fitar da su waje su kwana sai ƙarshen Mayu. Dare ɗaya na jaura ya isa ya ƙone su ƙurmus. Kwana 10 kafin nan ki riƙa fitar da su da hantsi, ki shigo da su da yamma.

Irin attarugun da na ƙulle miki a takarda, shi ya fi tumatir son ɗumi, ki bar shi a taga mai kallon kudu. Innarki na tambaya ko daddawar ta ƙare. Ki turo wani hoton bayan dashen, amma ki ɗauka kusa, idon nan ba kamar da ba.

Babanki