Wasiƙa daga Sakkwato kan tsohon mashin ɗina

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ya sanyin Sikotilan? Mu nan Sakkwato buji ya kwanta, zafi ya fara leƙowa. Saƙonka ya iso, na kuma ga shawarar da ka ba ni cewa in cire injin tsohuwar Honda TL125 ɗin nan in ɗora mata sabon injin irin na 'yan kabu-kabu in huta da neman kaya. Na san tausayina ka ji, amma ba zan yi ba, kuma ina so ka ji dalili.

Wannan mashin ba don gudu aka ƙera shi ba. Honda ta fito da shi a 1973 don wasan da ake kira tirayal, inda mutum zai bi ta duwatsu da kwazazzabai a tsaye bisa matakan ƙafa, alƙali na kallon ƙafarsa. In ka taɓa ƙasa sau ɗaya an rubuta maka maki 1, sau biyu maki 2, abin da ya wuce haka 3. In ka faɗi ko ka kasa kaiwa ƙarshe, 5 ke nan. Wanda ya fi kowa ƙarancin maki shi ya ci. Saboda haka giyoyinsa uku na farko a matse suke, a ƙasa ƙwarai, injin kuma yana iya tafiya sannu kamar takun raƙumi ba tare da ya mutu ba. In na sa masa injin da aka yi don ɗaukar fasinja a kan kwalta, ya tashi daga abin da yake, sai dai fenti da suna.

Bakaniken da muke aiki tare ma da farko cewa ya yi ai CG125 ce, kayanta sun cika kasuwa. Da muka buɗe kan injin sai ya ga ba haka ba. CG da sanduna take tura bawul, wannan kuwa kam ɗinta, wato ƙarfen da ke juyawa yana buɗe bawul, a sama yake, sarƙa ke juya shi, kuma kwance yake kai tsaye cikin alminiyon kan injin, babu boris. Nan hatsarin yake a garinmu. Baƙin mai wajen lita ɗaya kawai take ɗauka, in ƙura ta shiga ko zafi ya tsinka shi, kam zai cinye mazauninsa, kan injin ya tashi aiki, kuma ba ka da inda za ka samo wani a nan. Don haka ba na jiran man ya yi baƙi kafin in juye. Ina wanke 'yar ragar da ke tace shi, lokaci-lokaci kuma mu buɗe murfin dama mu kankare dattin da ke taruwa cikin matatar nan mai juyawa. Ranar farko da muka buɗe ta, abin da muka ciro da bakin sukundireba laka ce mai ƙyalli, ta daskare, ƙila tun zamanin mai shi na farko.

Soson iska kuwa duk fita sai na wanke shi, ya bushe, in shafa masa mai in matse. Fetur ba na saye a galan bakin hanya, wanda na sayo a gidan mai ma sai na tace shi, don ramin kafireta na ƙaramar tafiya bai kai tsinin allura ba, kuma da shi ake kusan duk wasan. Tazarar kwantak tsakanin milimita 0.3 da 0.4 nake bari, ta bawul 0.05 in injin ya huce. In waɗannan sun daidaita, bugu ɗaya yake tashi.

Hawan fa, ina ma kana nan. Bayan sallar asuba ranar Asabar nake fita wajen kwazazzaban da ruwa ya ci a gefen gari, ba na yin nisa, ka san halin da hanyoyinmu ke ciki yanzu. Sai in rage iskar tayar baya har ta koma wajen fam 5, in danna ta da babban yatsa ta lotsa. Mai faci na unguwarmu har yau bai yarda da wannan ba, amma da haka tayar ke rungumar marmara. Akwai wani hawa da bai wuce tsayin mutum ba, ƙasansa rairayi, samansa dutse. A giya ta biyu nake zuwa masa, in durƙusa kaɗan, in buɗe totur kafin tayar gaba ta taɓa dutsen, in sassauta da ta hau, nauyin injin ya ƙarasa da ni. In ka ƙara wuta a tsakiya, baya ta yi ta haƙa rairayi, ƙafa ta sauka. Ido kuma ba ya kallon taya, inda za ka yake kallo. Abokin gabata na gaske ƙayar aduwa ce, shi ya sa kayan faci da famfo ba sa barin jakata. Da damina ta faɗi aka yi shuka, na bar wurin ke nan sai an yi girbi, ba zan taka wa mutane gero don wasa ba.

Yaran da ke taruwa kallo sun saba da wasan mashin na ranar biki, a ɗaga gaba a yi ta ƙara, wani lokaci a kwana asibiti. Da farko dariya suke yi wai mashin ɗin ba ya gudu. Yanzu su ke jera mini duwatsu, su ke ƙirga sau nawa na sa ƙafa, akwai ma wani ƙanen maƙwabcina da ya iya tsayuwa cak a kansa, injin a kashe, har in gaji da jira. Wannan ya fi komai faranta mini rai, don yaron da ya koyi riƙe totur a hankali a nan zai fita titi da wannan hannun.

Kai kuwa kana zaune a tushen abin ba ka sani ba. Gasar tirayal ta kwana shida ta Sikotilan tun 1909 ake yin ta, yanzu a Fort William cikin watan Mayu. A can ne Gordon Jackson ya yi kwana shida a kan mashin ƙirar AJS a 1961 ya sa ƙafa sau ɗaya tak. A can ne kuma Sammy Miller, bayan ya bar babbar Ariel ɗinsa, ya ci a 1965 da Bultaco ta Sifen mara nauyi, daga nan manyan mashinan Ingila suka fara ja da baya. Kwana biyu kafin gasar ana yin ta tsofaffin mashina a Kinlochleven, waɗanda aka ƙera kafin 1965. Nawa bai kai shiga ba, yaro ne a wurinsu. Don Allah ka daure ka je, ka ɗauko mini bidiyo, ka sa kyamara a kan hannuwan dattawan da ƙafafunsu, ba a kan fuskokinsu ba.

In za ka zo hutun Sallah, ka nemo mini kwantak da kondensa, da sarƙar kam, da gasket na kan injin, ka tabbatar an rubuta TL125. Tayar baya mai inci 18 ta tirayal ita ce babbar buƙata, in kaya ba za su yi maka yawa ba. Ka faɗa mini kuɗin in tura wa ƙanenka.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka daina kwana biyu ba ka kira ba. Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka,
abokinka na Sakkwato