Wasiƙa zuwa ga Malam Habu kan tafiyar Kano zuwa Jidda

Assalamu alaikum, Malam Habu.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Damagaram. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin Hajiya za ta Umara ta Kano. Ka tambayi awa nawa za ta yi a jirgi. Ga amsa, amma kada ka yi mata lissafi da awannin sama kaɗai.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kimanin kilomita 3,400 ne idan an miƙe, ta saman Chadi da Sudan, a tsallaka Bahar Maliya. Babban jirgi kan ci wajen kilomita 850 a awa, sai a ƙara lokacin tashi da sauka, ka ga awa huɗu da rabi ke nan. Sai dai da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, sai aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma zagaye, tafiyar alhazan shekarar ta kai awa shida zuwa sama. Don haka ka tambayi wanda zai sayar muku da tikiti ta ina jirgin ke bi yanzu.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne agogo. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, kuma lokacin saukar da ke jikin tikiti na can ne. Jirgin da ya tashi Kano ƙarfe 10 na dare, ya yi awa huɗu da rabi, tikiti zai nuna ya sauka 4:30 na asuba, alhali a nan 2:30 ne. A dawowa kuma sai ka ga kamar awa biyu da rabi kawai ya yi. Mai zuwa tarbarta ya kula da wannan, ita ma ta kula saboda lokacin shan maganinta.

Tikiti mai araha yawanci na ya da zango ne. Ta Addis Ababa, Kano zuwa can kusan kilomita 3,300 ne, daga can zuwa Jidda wasu 1,400, ga zaman jira da kan cinye rabin yini. Ga dattijuwa mai ciwon gwiwa, ni dai a ganina gara a ƙara kuɗi a samu mai tafiya kai tsaye.

Ta isa fili awa uku kafin tashi, da fasfo da biza da katin rigakafin shawara a jakar hannu, kada su shiga akwatin da za a auna. Ku nemar mata keken guragu tun wajen sayen tikiti, domin layin shige da fice a Jidda yana da tsawo, bayansa kuma akwai kusan kilomita 100 zuwa Makka, a mota ko a jirgin ƙasa na Haramain. In ka haɗa duka, daga ƙofar masauki a Kano zuwa Harami, ka sa mata awa goma sha biyu.

Tunda Makka za ta fara, ta yi wanka da shirin harama tun daga Kano, ta ɗauki niyya idan an sanar an kusa miƙati. In kuwa Madina za ta sauka, sai ta ɗauki haramar a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina.

Ka gaida min Hajiya, ta sa mu a addu'a. Allah ya kai ta lafiya, ya dawo mana da ita lafiya.

Naka,
Sani